Kofur da Giwarsa Mai Ɗigar Mai

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke bisa tudu, a hayin kogi. Manomi ne, amma kafin ya kama fartanya ya yi aikin soja. An taɓa faɗa mini sunansa na baftisma, ya ɓace mini, ba kuwa wata hasara aka yi ba, domin har matarsa Kofur take ce masa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa motar soja, ko ashirin da bakwai. Da ya ajiye aiki, sai aka yi gwanjon tsofaffin motocin bariki, ya sayi ɗaya, ya tuƙo ta gida, ya raɗa mata suna Giwa.

Giwa koriya ce, ƙafarta shida, kowace taya ta kai ƙugun mutum. In ta tashi da safe, kajin ƙauyuka uku sun san ta tashi. Hanyar ƙauyen nan kuwa duwatsu ne da kwazazzabai, ba motar da ke iya hawa sai Giwa. Ita ke kai masara kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗauko amarya, ita ke kawo gawa gida. Saboda haka mutanen gari suna girmama ta. Kofur kuwa ƙaunarta yake yi, har matarsa Keziya takan ce da Giwa tana cin tuwo, ita za a fara zuba wa.

To, akwai abin da ya kamata ku sani game da bariki. A zamanin Kofur, duk ranar Asabar wani babban hafsa yakan zo duba motoci da farin hankici a hannu. Sai ya durƙusa ya shafa ƙarƙashin mota. In hankici ya fito fari, direba ya tafi ya huta. In ya fito da baƙi, direba ya goya buhun yashi ya yi ta zagaya fili har rana ta karkata. Kofur ya goya buhun nan sau biyu yana saurayi, bai kuwa manta ba. Tun daga nan ya riƙe dokoki biyu kamar an sassaƙa masa su a dutse: abin da ya yi tsatsa a shafa masa fenti, kafar da ke fid da mai a toshe ta. Gyaran mota ba aikinsa ba ne a bariki, akwai kanikawa, shi direba ne kawai. Amma da ya dawo ƙauye ba mai tuna masa da wannan.

Wata rana bayan kaka, Kofur ya ɗaga farantin ƙarfen da ke gefen kujerar direba, domin ya shafa fenti a wurin da ido ba ya kaiwa. A ƙarƙashin farantin nan akwatin giya yake, wato wani tulun ƙarfe mai haƙora a ciki, suna juyawa a cikin mai mai kauri kamar zuma. Muddin akwai mai, haƙoran suna zaman lafiya da juna. In mai ya ƙare, sai su fara cin junansu.

A can saman akwatin sai ya ga wani ɗan bututu, bai kai ɗan yatsa tsawo ba, da 'yar hular ƙarfe a kansa tana kaɗawa. Gindin bututun da ɗan damshin mai, ƙura ta manne. Kofur ya shafa da yatsa, ya dubi yatsan, sai ya ji nauyin buhun yashi a bayansa.

Ya ce, "Ashe nan kike ɓoye mini abin kunya."

Ya fizge hular ya jefar a tsakar gida. Ya fiƙe ɗan itacen kirya, ya buga shi cikin bututun da guduma har ya nutse, ya bi da koren fenti, shafi uku. Ya mayar da faranti, ya wanke hannu, ya ci tuwo malmala biyu a ranar. Keziya ta tsinci 'yar hular wajen shara, ta ga ta yi daidai da kan yatsanta, ta jefa ta cikin gwangwanin allura. Kofur bai faɗa wa kowa abin da ya yi ba, kafin mako ya zagayo ma shi kansa ya manta.

Ba a jima ba Giwa ta fara ɗiga. Da fari ɗigo ɗaya ne, a baya, inda sandar nan da ake kira farfela ke fitowa daga akwatin. Kofur ya sa ɗan kwanon miya. Da kwanon miya ya kasa, ya sa na tuwo. Da na tuwo ya kasa, ya sa daro.

Keziya ta ce, "Kofur, ina kwanona mai fure?"

Ya ce, "Yana bakin aiki."

"Yaushe zai tashi?"

"Sai an sallame shi."

Akwai wata farar kaza a gidan, mai 'yan tsaki tara. Ta shiga ƙarƙashin Giwa shan inuwa, ta fito baƙa wuluk, 'ya'yanta suka ƙi bin ta har kwana biyu.

Ga shi kuma duk inda Giwa ta bi sai ta bar sawu, ɗigo-ɗigo kamar an ɗinka hanya da baƙin zare. A makon azumi da addu'a na ikilisiya, Kofur ya ce zai je gona ya kwaso kara. Keziya ta fita zuwa rijiya, ta ga zaren ya bi ta bakin kasuwa, ya tsaya a gaban mai ƙosai, ya yi ɗan tafki a wurin. Da ya dawo ta ce, "Kofur, Giwa ta daɗe a gaban mai ƙosai yau."

Ya ce, "Gaisawa muka yi."

Ta ce, "Gaisuwar ta kai faɗin faifai."

Ina muka tsaya? Yauwa, gyara. Kofur ya shiga gyara iyakar ƙarfinsa. Ya ɗaure notuna har ɗaya ya karye. Ya liƙa sabulu, ya liƙa ƙaro, ya naɗa robar taya ya ƙulle da waya. Ya je birni ya sayo sabon sil, wato zoben robar da ke tare mai a bakin farfela, ya sa. Kwana biyu ƙasa ta bushe, ya yi ta fito yana yawo a gari. Rana ta uku mai ya ɓullo ta gaba. Ya canja na gaba, ya ɓullo ta murfin gefe. Duk inda ya toshe sai mai ya nemi wata ƙofa. Da yake kuma Kofur mutum ne da ba ya son ganin kwano bai cika ba, kowace safiya sai ya buɗe murfin sama ya ɗura sabon mai har baki, kamar ana zuba wa baƙo kunu.

Yadda Giwa ke ɗiga, haka mai Giwa ya fara. Miya ta yi gishiri. Washegari miya ba gishiri. Awaki sun cika kallo. Maƙwabci ya yi tari da gangan. Ba ya cewa abin ya dame shi, ko ya fi ƙarfinsa, domin a ganinsa soja ba ya faɗin haka. In an tambaye shi sai ya ce, "Lafiya lau," da muryar da ke korar mai tambaya.

Keziya tana da ƙane, sunansa Zakka, bakanike ne a tashar birni, shi ma furfura ta cika masa kai. Ta ce, "Kofur, da ka kira Zakka ya duba."

Ya ce, "Wanda ya koyi aiki a tasha ba zai taɓa motar bariki ba."

Gaskiyar magana ita ce, a wani bikin Kirsimeti, shekara biyu da suka wuce ko uku, Zakka ya zagaya Giwa a gaban jama'a, ya ƙwanƙwasa ƙofarta, ya tambayi Kofur ko 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun san da zamanta. Wasa ne irin na ƙanin mata da mijin yaya, kowa ya yi dariya. Kofur ma ya yi dariya, amma tun daga ranar bai ƙara taka gidan Zakka ba.

A ranin nan ne mutanen ƙauyen suka gina sabon ɗakin sujada. Maza suka buga tubalin ƙasa, mata suka yi ta jido ruwa daga kogi a ka, har bango ya tashi, ya kai inda ake so. Saura rufi. Kwanon rufi da katako suna can birni an tara, tafiyar rabin yini a mota. Kun san bangon ƙasa: in ruwan sama mai ƙarfi ya same shi ba rufi, sai ya koma laka yadda ya fito. Ga shi kuwa gabas ta fara haɗa gira da yamma.

Ran Lahadi, bayan sujada, fasto ya kawo maganar ɗauko kaya. Wani dattijo ya juyo a hankali ya ce, "Kofur, lafiyar Giwa kuwa? Mun ga kamar tana ɗan zub da jini."

Kofur ya miƙe, ya haɗa dugadugai, ya ce, "Giwa ba ta da komai. Ran Talata kwano zai kwana a nan."

Aka tafa masa. Keziya ba ta tafa ba, tana duban ƙasa.

Ran Talata da sassafe ya cika akwatin giya har baki, ya kama hanya. Bai kai kogi ba Giwa ta ɗauki zafi, mai ya tsinke ta gaba da baya kamar an huda tulu, giya ta fara kuka irin na karen da aka taka wa wutsiya. Kofur dai direba ne na gaske, ya san kukan nan, ya san haƙora sun fara taɓa juna. Ya kashe mota. Da azahar aka jawo Giwa gida da shanun noma takwas, Kofur yana zaune a sama riƙe da sitiyari yana kallon gaba, mutanen gari suna tsaye a bakin hanya suna yi masa sannu. Ya gwammace buhun yashi sau goma da sannun nan.

Laraba ya yini a ƙarƙashin mota da sabulu. Alhamis ya yini da ƙaro. Mata suna wucewa ta gefen bangon da suka jido wa ruwa, su dubi bangon, su dubi gabas, su wuce. Ran Juma'a aka yi tsawa daga nesa. Keziya ta ɗaura gyale, ta fita ba sallama, ta ba wani mai babur saƙo.

Asabar da hantsi sai ga Zakka a kan babur, da tumbinsa, da jakar sifanu a baya. Ya tarar da ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin Giwa.

Ya ce, "Mijin Yaya, sannu da hutawa. An ce mini ka tashi daga ɗaki ka koma nan da zama."

Murya ta fito daga ƙasa. "Wa ya kira ka?"

"Ba kowa. Sawu na gani tun daga hanyar kogi, na ce bari in bi in ga wace dabba aka harba."

Kofur ya fito, fuska duk mai. Ya so ya kore shi, amma ta bayan kafaɗar Zakka yana hango bangon ɗakin sujada, da abin da ke taruwa a samansa. Sai ya nuna da sifana ya ce, "Nan take ɗiga."

Zakka ya ce, "Nan yake faɗowa. Mai yakan gangara, iska ta kore shi baya. Inda ya faɗo daban, inda ya fito daban." Ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe. "Wannan akwatin giya ne ko shagon mai sabulu? Ba na ganin ƙarfe. Yaya, a ba mu kananzir, da ruwan zafi, da garin alabo mudu ɗaya."

Keziya ta ce, "Garin na mene ne?"

"Na Giwa ne. An ce ita ake fara zuba wa."

Zakka ya zauna a inuwa, ya sa Kofur wanki. Aka kankare sabulu, aka ɓamɓare ƙaro, aka kwance roba da waya, aka wanke tsohon mai da ƙurar watanni. Kofur ya ce wannan ɓata lokaci ne, hadari ba zai jira wanki ba. Zakka ya ce a cikin datti ko'ina kama yake da inda ke ɗiga, ba zai sa sifana ba sai ya ga ƙarfe tsirara. Har rana ta raba suna abu ɗaya.

Sa'an nan Zakka ya kwance wani noti a gefen akwatin, mai ya yi tsalle ya cika daro.

Ya ce, "Wannan duka fa?"

Kofur ya ce, "Cika mata nake yi."

"Iyakarsa bakin kafar nan ta gefe. In ka sa yatsa ka taɓo mai, ya isa. Abin da ya haura nan neman hanyar fita zai yi."

Ya mayar da noti, ya ɗebi garin alabo ya barbaɗe akwatin sama da ƙasa har ya yi fari fat, Keziya tana tsaye tana kallon tuwon kwana biyu yana tafiya. Ya ce Kofur ya zagaya masussuka da Giwa har ta yi zafi. Da suka tsaya, suka kwanta su biyu a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, suna kallon sama. A cikin farin garin nan ga baƙaƙen layuka sun fito sarai, ɗaya daga gaba, ɗaya daga baya, ɗaya daga gefe.

Zakka ya daina wasa. Ya ce, "Akwati ba ya ɗiga ta ƙofa uku a lokaci ɗaya, sai in daga ciki ake turo man. Ina kafar numfashinta?"

Kofur ya ce, "Mota ba ta numfashi."

"Tana yi. In giya ta yi zafi, iskar da ke ciki kumbura take yi. Shi ya sa masu ƙira suka bar mata ɗan bututu a can sama, da 'yar hula a kai, don iskar ta fita. Yakan yi ɗan damshi, ba komai ba ne. In ya toshe kuwa, iskar ba ta da hanya, sai ta tura mai ta duk inda roba ta yi laushi. Ko sil ɗari ka sa, sai ta fasa."

 Buhun yashi ya dawo, ya zauna wa Kofur a ƙirji.

Zakka ya hau, ya ɗaga farantin gefen kujera, ya laluba, ya sami wani ɗan koren ƙulu. Ya kankare da wuƙa, ya sunsuna.

Ya ce, "Kirya ce. Na yi shekara talatin ina buɗe motoci, ban taɓa ganin masu ƙira sun sa kirya ba. Ga fenti kuma, shafi uku, aiki mai tsabta. Mijin Yaya, wane maƙiyi gare ka mai haƙuri haka?"

Amsoshi da yawa suka zo wa Kofur. Yana iya cewa kanikawan bariki ne, ba wanda zai je ya tambaye su. Yana iya cewa haka ya saye ta. Ya buɗe baki, sai aka sake yin tsawa a gabas. Ya dubi bangon, ya dubi matarsa, wadda wuyanta ya sha tulu a kan bangon nan. Sai ya haɗa dugadugai, ya miƙe sak.

Ya ce, "Ni ne."

Keziya ta nemi turmi ta zauna. Ta ce, "Zakka, me ya ce? Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba, ina so in tabbata."

Kofur ya ce, "Ni ne na buga. Na ga damshi, na ji kunya, na toshe. Zakka, na kuma riƙe ka a zuciya tun maganar 'yan gwangwan."

Zakka ya ce, "Ashe kirya biyu ce. To, bari mu fara da ta ƙarfe."

Ya kama itacen da filaya, ya murɗa, ya ja. Da ya fito, sai akwatin ya saki wani dogon huci, fuuu, kamar tsohuwar da aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Su uku suka tsaya suna ji har ya ƙare.

Zakka ya ce, "Wata biyar tana riƙe da wannan. Ina hular?"

Keziya ta shiga ɗaki ta fito da ita a kan yatsa. Ta ce ta ɗinke riguna huɗu da ita, amma ta yafe.

Sil ɗaya kawai aka canja, na baya, wanda ya riga ya yage. Lahadi aka huta. Litinin Giwa ta sauka birni ta dawo da kwano da katako, ƙasa a bushe a bayanta, har mai ƙosai bai san ta wuce ba sai da ya ji ƙara. Talata aka kafa katako. Laraba aka hau buga kwano, Kofur da Zakka suna miƙawa daga ƙasa. Saura falle uku a kusurwar gabas sai ruwa ya sauko, irin wanda ba ya sallama. Ɗaki ya tsira, amma kusurwar nan ta narke har ƙugun mutum. Da kwano ya kwana a Talatar farko, da ko tubali ɗaya bai jiƙe ba. Kowa ya san haka, ba wanda ya faɗa.

Kofur ya sake gina kusurwar da hannunsa. Da yake shi ba magini ba ne, ta ɗan karkace, launinta ma ya bambanta. Aka ce ya shafe ta da fenti, ga shi da saura a gida. Ya ce a'a, a bar ta haka. A gindinta yake zama kowace Lahadi.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, akwatin giya zuciyar mutum ce. Mai kuwa salamar da Allah yake zubawa a ciki, wadda take sa mu yi ta gogayya da juna a gida da gona da kasuwa ba tare da mun ci juna ba. Wanda ya halicci zuciya ya san za ta yi zafi. Ya san akwai baƙin ciki, da tsoro, da kunya, da maganar da aka faɗa maka a gaban jama'a. Saboda haka ya bar mata 'yar kafa a sama, wato addu'a ta gaskiya, da buɗe baki ka faɗa wa Ubangiji da ɗan'uwanka, "Abin nan ya dame ni," ko "Ni ne na yi." Wurin yakan yi ɗan damshi. Wani lokaci hawaye ne. Ba abin kunya ba ne, haka aka ƙera mu.

Amma da yawa a cikinmu an taɓa ɗora mana buhun yashi saboda an ga damshinmu, sai muka fiƙe kirya muka buga. Kiryar nan girmankai ce. Fentin kuwa shi ne "lafiya lau" da muke shafawa ran Lahadi, shafi uku. Abin da ka hana fita ta sama ba ya mutuwa, ta ƙasa yake fita. Ya fita a kan miya, ya fita a kan yara, ya fita a kan maƙwabcin da ya yi tari. Mutanen gidanka su zama kwanuka, kullum suna bakin aiki, ba ranar sallama. Kai kuma kana ta gyaran inda yake faɗowa. Ka ce matsalar matarka ce, gobe ka ce fasto ne, jibi ka ce gwamnati. Wani ma sai ya ƙara yawan taro da yawan waƙa, yana ɗurawa har baki, bututu kuwa a toshe.

Farar kazar nan, na taɓa sanin ma'anarta. Ta tafi. Wataƙila kaza ce kawai. Amma ku lura, inuwa ta je nema wurin Giwa, ta fito 'ya'yanta ba su gane ta ba.

Zakka shi ne ɗan'uwan da Allah yake aiko maka, sau da yawa kuwa wanda ba ka so a aiko ne. Bai fara da sifana ba, da wanki ya fara. Tuba ke nan. Sai an kankare sabulu da ƙaro da duk dabarun da muka liƙa, sa'an nan Maganar Allah, wadda take fara kamar garin nan, ta nuna inda baƙin layi ya taso. Kada kuma ku manta da kusurwar gabas. Allah yana gafartawa sarai, ɗaki ya tsira. Amma kwanakin da Kofur ya yi a kwance da sabulu, bangon da mata suka jido wa ruwa ne ya biya su. Jinkirin tuba ba kai kaɗai yake jiƙawa ba.

An ce Kofur ya ajiye ɗan itacen nan a aljihun rigarsa har tsufansa. Bai zama mala'ika ba. Wata rana miya takan sake yin gishiri, murya ta fara hawa. Sai Keziya ta ce, ba tare da ta ɗago kai daga ɗinki ba, "Kofur, a ɗaga faranti." Shi kuwa sai ya taɓa aljihu, ya fita bayan ɗaki, ya daɗe shi da Ubangijinsa, ya dawo ya ci tuwonsa.

Ku ma, in kun isa gida yau, kafin ku tambayi wanda ya ɓata tsakar gida da mai, ku ɗaga farantinku ku laluba. In kun taɓo wani ɗan koren ƙulu mai santsi, aiki mai tsabta, kun san hannun da ya buga shi.